Hantar Mahauci

Shekara arba'in ina yanka hanta a kwatar Daura,
da yatsa nake gane ta, ba sai na duba ba.
Mai lafiya santsi gare ta kamar tafin jinjiri.
Wadda ta sha wuya kuwa, tauri, gurje-gurje,
wuƙa ma ƙara take in ta shige ta,
sai in cilla wa karnukan bayan katanga.

Yau ga tawa a allon likita,
toka-toka, tana motsi da numfashina.
Idona ya koma ruwan ɗorawa,
cikina salka ce da aka cika har wuya.

Likita Rumasa'u, 'yar Tanimu mai awo,
wadda na sha yi wa gyaran tsire tana ƙarama,
ta ce, Baba Nalado, shawara ce, ta daɗe a jininka.
Na ce, da wa aka yi ta ban sani ba?
Ba ta yi dariya ba. Kujera ta jawo.

Ta ce hanta gari guda ce, ƙwayoyi ne mutanenta,
ba sa ƙirguwa, ido ba ya kama su.
Kowace da likkafaninta aka haife ta,
a naɗe, a ƙarƙashin kai.
Ran da ta tsufa, ko ɓarna ta shige ta,
ba ta kururuwa, ba ta fashewa.
Tsukewa take, ta ɗaure kayanta ƙulli-ƙulli,
ta hure fitilarta da bakinta.
Maƙwabta su share ɗakin kafin asuba,
sabuwa ta tare. Ba zaman makoki.

Na ce, wannan ai mutuwar mutunci ce.
Ta ce, in da ƙa'ida.

Kai cuta ce ta laɓe a ɗakunansu,
dakarun jininka na bi ƙofa-ƙofa:
ke mutu, ke ma mutu.
Su kuma ba su iya musu ba.
Masu shara suka gaji, gawa ta fi ƙarfin tsintsiya,
ɗakin da ya rasa mai tarewa aka toshe shi da tabo,
tabo bisa tabo,
shekara da shekaru kana tsaye kana fiɗa.

Sai ta rage murya.
Akwai wadda muka fi tsoro, Baba:
wadda za a ce ta tafi ta ƙi,
ta yi kunnen ƙashi, ta yi ta haihuwa.
Ita ke mai da gari daji.
Ba mu gan ta ba tukuna.
Bayan wata shida ka dawo,
ka turo mini 'ya'yanka a ɗebi jininsu.

Hantata ta kaɗa.
Karon farko ke nan da na ji daidai inda take.

Ban wuce gida ba, kwata na biya.
Kallamu na durƙushe kan wani bijimin Mai'aduwa
da 'yar wuƙarsa da ba ta jin dutse.
Tawa tana kugu, mai baƙar ƙota,
ni da ita jini da hanta.
Shekara uku yana kallon ta, ina kau da kai.
Na zare, na miƙa masa ta wajen ƙota.
Ya ce, lafiya?
Na ce, riƙe dai, kada ka wasa ta a siminti.

Yanzu kullum da asuba ƙwaya ɗaya nake haɗiya,
Tabawa na tsaye da moɗa sai ta ga wucewarta.
In ta fita, in dafa ƙasan haƙarƙarin dama,
in yi magana da mutanen garin a hankali:
wadda lokacinta ya yi, ta tafi, na yafe mata.
Saura ku daina rububi.
Akwai kuɗin raguna biyu da nake bin Ɗan'azumi,
kuma yaron nan bai iya fitar da matsarmama ba tukuna,
fasa ta yake.